Ranar da Tsotne Ya Tura Gocha Baya

Tun yana ɗan shekara goma sha biyar Tsotne Ghlonti ya fi ƙarfin samarin ƙauyensu a kokawa. Ƙauyen yana cikin tuddan Guriya. Ubansa manomin shayi ne, amma kakarsa Nanuli ce ta raine shi, ita ta riƙa ɗura masa gurasar cuku har wuyansa ya kusa kamo kansa a kauri. Takan ce ai mijinta ne, sai dai miji ne mai cinye gida.

A wani bikin Ista, kocin wata ƙungiyar zari-ruga ta Kutaisi ya gan shi ya sunkuci wani ƙato kamar buhun masara. Bai ma tambaya ko yaron ya san dokar wasan ba, ya bi shi har gida. Tsotne yana cika sha tara ya sa hannu a kwantiragi, aka ce gurbinsa ginshiƙin dama ne a sahun gaba, cikin masu haɗa kafaɗa su yi turereniya da abokan hamayya.

Shekarar farko a benci ya ƙare ta. A ta biyu, ana gab da karɓar baƙuncin 'yan Batumi, wanda ke riƙe da gurbin ya gurɗe a gwiwa, koci ya miƙa wa Tsotne riga mai lamba uku. Nan take ya buga waya gida. Ran Asabar sai ga motoci biyu cike da mutanen ƙauye, Kaka Nanuli a kujerar gaba, tana rungume da kwandon abinci.

Wanda zai kara da shi kafaɗa da kafaɗa shi ne Gocha na Batumi, tsohon hannu da ya doshi arba'in, ya daɗe yana bugawa a Faransa, kunnuwansa duk sun dunƙule. Ruwa ake yi, fili ya zama caɓi. Da suka sunkuya a turereniyar farko, Gocha ya leƙo fuskarsa ya ce, "Yaro, an san ka fito a gida kuwa?"

Kafin Tsotne ya sami amsa, an naɗe shi, hancinsa cikin laka. Alƙalin wasa ya busa, laifin nasa ne. Haka aka yi ta yi har hutun rabin lokaci. Ya shiga ɗakin sauya kaya ya zauna a lungu, yana jiran a ce ya tuɓe riga. Koci kuwa ya ce ba inda za shi. Ya gaya masa ya daina neman ɗaga mutum kamar a fagen kokawa, ya sauke ƙugu, ya miƙe baya, ya jira mutum bakwai da ke tare da shi su turo.

Wasa ya kusa tashi, Batumi na gaba da ɗan kaɗan, aka ba da turereniya dab da layin Batumi. Tsotne ya sunkuya har ciyawa na taɓa gwiwarsa. Ya jira. Da nauyin abokansa ya sauko masa a baya, sai ya ji ƙafar Gocha ta zame. Wani daɗi ya tsarga masa har ƙeya. Ya tura, suka tura, sahun Batumi ya fara ja da baya kamar ƙofar da sakatarta ta karye, abokinsa mai lamba takwas ya faɗa kan ƙwallo a bayan layi. Da wannan Kutaisi ta ci wasan, fili ya ɗauka. Mutanen Guriya suka ɓarke da waƙa, Kaka Nanuli ta hau kan benci tana gaya wa duk mai kunne cewa ita ta ciyar da wancan.

Bayan an tashi, Gocha ya shigo ɗakinsu yana dafe da wuya. Tsotne ya miƙe tsaye.

"Gobe ba zan iya waiwaye ba, kai ka jawo," in ji Gocha. "Ina tsohuwar nan mai kwando? Yunwa nake ji."

A wajen cin abinci Gocha aka ba shugabancin tebur. Ya ɗaga kofi ya yi wa yaron fatan alheri, sannan ya ce yana da aboki mai horar da wata ƙungiya a kudancin Faransa, kuma yau ɗin nan zai kira shi. Kaka Nanuli ta harare shi ta ce wato daga cin abincinta sai ya raba ta da miji.

"Kaka, aro za su yi," in ji Gocha.

Da bazara Tsotne ya hau jirgin sama karo na farko a rayuwarsa, ya nufi Faransa. Garin ƙarami ne, ƙungiyar tana rukuni na biyu. Watan farko ya rame, don abincinsu ba ya kai masa ko'ina, Faransancin ma da hannu yake yin rabinsa. Kafin sanyi ya shigo ya zama da shi ake fara wasa. Gocha ya yi ritaya, yana kallonsa a talabijin daga Batumi, kuma duk ranar wasa sai ya kira shi ya yi masa faɗa a kan yadda yake dasa ƙafar hagu.