Igiyar Kaka Ige

Ranar Asabar, ɗaya ga Janairun 1966, ana cikin azumi, ina tsaye a kan wani teburi mai girgiɗi a filin makarantar ƙauyenmu, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, sanye da farar rigar da Inna ta wanke da bula. Sudan ta cika shekara goma da samun 'yancin kai, an haɗa makarantar maza da tamu ta mata, an kafa tuta, an jera angarib, gadajen nan na saƙar igiya, don manya. Lokacin cirar auduga ne, saboda haka iyayenmu daga hawasha suka taho kai tsaye, gonakin nan da hukuma ke ba mutane a Jazira, da burbushin auduga a gemu da mayafi. An zaɓi yara shida, kowa ya haddace shafi guda daga littafin tarihi a kan wani gwarzon ƙasa, ni ce ta ƙarshe. Shafin kam na haddace shi tas, abin da na ƙudura yi bayan shafin ne ya hana ni sakat.

Tushen maganar wata igiya ce ta Kaka Ige, mahaifiyar babana. Kullum in mun ɗebo ruwa daga tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki, mun zuba wa awaki ganyen waken lubiya, mun gama carafke da rigimar da ke biyo bayanta, sai mu taru a gindin dalbejiyar tsakar gida mu gurza mata auduga, ita kuwa tana kaɗi, yatsunta fari fat da alli. In ta ajiye mazari sai ta zaro wata tsohuwar igiyar abawa daga jakar fata, mai ƙulli goma sha tara, ta riƙa bin su da yatsa tana kiran sunaye. Ƙulli na farko mahaifinta ne, Malam Bawa, wanda ya riƙe tuta lokacin da Sarkin Musulmi ya fito da jama'a daga Sakkwato don sun ƙi zama ƙarƙashin Turawa. Ranar da sojoji suka cim musu aka harbe shi, ya durƙusa, amma bai bar tutar ta taɓa ƙasa ba sai da wani ya karɓa. Kaka tana 'yar shekara bakwai a lokacin. Uwarta ce ta kaɗa igiyar, duk wanda aka binne a hanya ta ɗaura masa ƙulli: a Borno, a bakin Cadi, a Wadai, a Darfur, har suka iso kogin Nilu da ƙafafunsu. Mun sha jin sunayen nan har mukan riga ta faɗa don tsokana, ta ɗaga mazari ta ce za ta fasa mana kai.

To, ni Allah ya yi ni da baki. Wata rana a makaranta Batul, 'yar mai kantin garinmu, ta ce da ni a gaban yara, da sunan nan da Larabawa ke kiran mu Hausawa da shi, “Ku Fallata ina gwarzonku? Cirar auduga kawai kuka iya.” Na duba littafin daga farko har ƙarshe, babu namu ko ɗaya. Na dawo gida raina a ɓace, Kaka ta zaro igiya, ni kuwa na huce a kanta, kuma da Larabci don abin ya fi zafi. Na ce mata babanta ba kowa ba ne, da wani ne da an sa shi a littafi. Ta dube ni ta ce, “Mi kika ce, ɗiyar ga?” Ashe ta ji sarai. Ta naɗe igiyar ta mayar jaka, da Baba ya shigo ta ce masa, “Ran da na cika a binne ni da ita. Babu mai karɓa.” Daga ranar ba ta ƙara fito da ita ba. Tana kaɗi, muna gurza, gidan tsit. Wallahi na gwammace ta zane ni, na ba ta haƙuri ta ce ya wuce, amma jakar tana rataye ba a taɓa ta ba, kuma duk gidan an san Kaka ba ta magana biyu.

Da aka zaɓe ni cikin yara shidan nan sai na je wurin malamarmu, Ustaza Nafisa, na roƙi ta bar ni in yi magana a kan Malam Bawa. Ta ce abin da ke littafi shi zan faɗa, khalas, magana ta ƙare, kuma kada in kuskura in ba ta kunya a gaban nazir, shugaban makarantar maza, wani dogon Balarabe daga arewa wanda ba ya rabuwa da bulala a hammata. Na ce to. Amma “to” ɗina, Inna ma ta san ba a dogara da shi.

Na karanto shafina ba gargada, aka tafa, Ustaza ta miƙo hannu ta sauko da ni. Sai na hango Kaka can gefe, Baba ya kawo ta a kan jaki, tana tafi a hankali irin na wanda ya zo bikin wasu. Na ƙi sauka. Na ce da Larabci, da ƙarfi, akwai saura gwarzo ɗaya. Na faɗi sunan Malam Bawa, da tutarsa, da yadda ya durƙusa. Daga nan harshena ya koma Hausa da kansa, na ɗaga yatsu na shiga ƙirga ƙullin nan ba igiya a hannuna, kowane suna da inda aka binne shi. Ina kaiwa na bakwai, Ta-Allah mai fura a Wadai, wani tsoho ya zabura daga kan angarib ya ce, “Kakata ce! Allahu Akbar!” Ashe ba gidanmu kaɗai igiyar ta ɗauko ba. Kowane suna sai wani gida ya amsa, maza na kabbara, mata na guɗa, bakunan da azumi ya busar duk suka buɗe. Ni kuma ina kuka ina ƙirgawa har na kai goma sha tara.

Sai nazir ya miƙe da bulalarsa. Tabɗi, na ce yau kashina ya bushe. Ya tako har gaban teburin, ya sa aka fassara masa abin da bai ji ba. Sannan ya juya ga jama'a ya ce shi ma kakansa da tuta a hannu ya faɗi kusa da Umdurman, a gaban bindigogin Turawan nan dai. Ya dube ni ya ce, “Ya bitti, 'yata, sake faɗin sunan na farkon.” Ya ɗauki alli ya rubuta Malam Bawa a babban allo, ƙarƙashin sunayen gwarazan nan shida. Kaka ta taso da sandarta, mutane suna darewa. Iliminta na allo ne, amma ya isa ta gane baƙaƙen sunan ubanta. Ta shafa rubutun har allin ya kama mata yatsu, kamar ta tashi daga kaɗi. Batul kuwa, ban ko nemi inda take ba.

Gab da shan ruwa, Inna tana tuyar kisra, wainar dawa mai faɗi ta Sudan, Kaka ta sauko da jakar. Ta bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kama bakin igiyar ta ɗaura na ashirin, ta ja shi da haƙori. Na tambaye ta wa ya mutu. Ta ce, “Wanga na mai rai ne, ke marar kunya. Ungo.” Ta damƙa min ita a tafin hannu. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, har yau kuwa.

Yanzu ina Wad Madani, babu dalbejiya a gidan, babu mai kaɗi a unguwar. Igiyar ta kai ƙulli ashirin da ɗaya, na ƙarshen ni na ɗaura wa Kaka. Jikokina Larabci suke amsa min, in na zaro ta sai su yi ta kallon waya, sai dai ƙaramar cikinsu, mai bakin tsiya irin nawa, ta fara riga ni faɗin sunayen don tsokana. Ina ɗaga mata sanda, amma a raina godiya nake yi. Da alama ba za a binne ni da ita ba.