Tayoyinmu Masu Taurari a Ƙarƙashin Amalanken Aminina

A lokacin ina da shekara goma sha biyar, kuma duk unguwarmu a Haɗeja an san ni da surutu da ƙarin gishiri. In na ga ƙadangare a bakin kogi, kafin in iso gida ya zama kada. Babanmu yana da tsohuwar a-kori-kura wadda ta girme ni, ina jin ma ta girmi kwaltar garin. In aka tayar da ita, sai kajin maƙwabta su yi ƙaura. Amma da ita muke kwaso shinkafa daga fadama, kuma ni ke wanke ta. Don tsabar ƙauna har taurari na zana wa tayoyinta da ragowar farin fenti.

Ina da amini, yaron mai faci ne a bakin tasha. Kwanonmu ɗaya, Ummana ma in ta zuba tuwo da nasa take zubawa. A shekarar ruwan kogi ya fara hawa da wuri, kowa yana rige-rigen fitar da shinkafarsa kafin hanya ta yanke. Ana cikin haka aka yi wa Baba rasuwa a Jahun. Kafin ya tafi ya nuna mini tayar baya guda da ta suɗe, ya ɗora yatsana a kan lambobin da ke gefenta, ya ce in sa a canza ta da mai irin wannan lamba sak, kada in yarda da wata ko da kyauta ce.

Da na gaya wa aminina, sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai Baba mutumin da ne, wa ke saka ƙananan tayoyi da damina? Ya nuna mini wasu na hannu guda huɗu, manya, baƙaƙe wuluk, suna sheƙi kamar takalmin ango. Ya ce da abin da za a sayi sabuwa ɗaya zai ba mu duka, shi kuma ya karɓi tsofaffinmu ya jefar don ya rage mana shara. Motar za ta yi tsayi, ruwa ba zai taɓa cikinta ba. Na ce lambar ba ɗaya ba ce. Ya dafa ƙirji ya tambaye ni ko ya taɓa cin amanar gidan da yake cin tuwo. Nan na miƙa masa kuɗin da Baba ya bari, aka canza tayoyin duka.

Da Baba ya dawo ya ga motarsa ta yi tsaye kamar zalɓe, sai ya zagaya ta yana duban tayoyin. Ni kuwa na buɗe baki, na ce da waɗannan tayoyi har kogin za mu iya tsallakawa. Ya ce in rufe masa baki in hau, babu lokacin canzawa, ruwa ya kai gonar maƙwabcinmu.

Mun isa fadama lafiya lau, don babu kaya. Da muka loda buhuna motar ta zauna, sai tayoyin baya suka fara gugar ƙarfen jikinta. Duk ramin da muka faɗa sai ta yi ƙara kamar akuyar da aka taka wa wutsiya, ga warin roba ya cika mana hanci. Ba mu kai kwalta ba ta hagu ta fashe. Na rantse ƙarar ta tashi tsuntsayen fadama har na Kirikasamma. Baba ya tsuguna ya shafa ta, baƙin ya biyo hannunsa, ashe man goge takalmi ne, zanen tayar kuma ya riga ya suɗe, da wuƙa aka sake tona shi. Tayarmu ta safaya ƙarama ce, muka saka ta, motar ta karkace, ba mu yi nisa ba ta dama ita ma ta bi 'yar uwarta. Ga mu tsaye a laka, ruwa yana tahowa ta cikin ciyawa, ga abincin gidanmu na shekara a bayan mota.

Can sai ga amalanken shanu tafe, aminina a kai yana kora. Wallahi har tsalle na yi, na ce Allah ya kawo ɗan uwa. Da ya matso na kai ido ƙasa. Taurarina ne suke juyawa a cikin laka, farare tas. Tayoyin da ya ce shara ne, su ya saka wa amalanken gidansu yana jigila. Ko kunya bai ji ba, ya gaishe da Baba, ya ce zai kwashe mana kayan amma buhu ɗaya ladansa ne, don shanun ba nasa ba ne. Baba ya dubi ruwan, ya dubi tayoyin, ya ce a kwasa.

Shinkafa ta fita, ban da buhun nan. Baba bai dake ni ba, da ma ya daka. Ya ce kawai daga yau in na kawo labari, sai ya aiki ƙanwata ta dubo.

Masu karatu, in aka aike ku sayen taya, ku bi lambar da motar ta saba da ita, ku shafa da hannu, ku ƙyale sheƙi da araha. Kuma duk wanda ya ce kayanku shara ne zai taimaka ya jefar, ku tambaye shi ina bolar take. Har yau amalanken yana wucewa ta ƙofar gidanmu, taurarina kuwa aminin nawa ko goge su bai yi ba. Umma kuwa tuwon mutum ɗaya take zuba mini yanzu, ban kuma iya cinye shi ba.