Ƙusar Tela

"Wai ka ji tela ya fitar da littafi na uku?"

"Wane telan? Mai ɗinka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya?"

"Shi fa. Matata har rediyo ta kashe min, wai sai ta ƙarasa karantawa."

Malam na kan kujerar aski, kumfa a haɓa, yana jin hirar masu jiran layi, ya ji kamar an watsa masa barkono a ido. Shekara ashirin da shida yana koyar da adabi a sakandare. Duk unguwar nan, wasiƙar neman aiki ko ta ta'aziyya, sai ta bi ta hannunsa. Shi ma littafi yake rubutawa, yau shekara goma sha ɗaya, bai taɓa wuce shafi na bakwai ba. Ya rubuta da safe, da yamma ya bi shi da jan biro kamar takardar ɗalibi, har maki yake ba kansa: huɗu bisa goma. Sai ya yage ya sake. Yagaggun takardun, da su matarsa ke hura gawayi.

Telan kuwa ajinsu ɗaya a firamare, ɗan bencin baya, mai leƙen amsa a littafin Malam.

Malam ya sayi littafin a shagon da ba a san shi ba, ya zauna farautar kuskure. Ya kama arba'in da ɗaya, ransa fes. Abin haushin, daga shafi na sittin bai ƙara kama ko ɗaya ba. Labari ya ja shi, har shayinsa ya huce.

Washegari ya dira shagon ɗinki.

"Injiniyan wando, ga littafinka. Kuskure arba'in da ɗaya!"

"Kacal? Na zaci sun kai ɗari. Allah ya saka, Malam, sai in gyara a bugu na gaba."

"Kai ko kunya ba ka ji?"

"Ina ji mana. To in na tsaya jin ta, wa zai rubuta na gobe?" Tela ya nuna wata doguwar ƙusa a bango, takardu soke a jikinta. "Kullum kafin in taka keke, shafi ɗaya, in soke shi nan. Ba na waiwayarsa sai ƙusa ta cika. Ka taɓa ganin na goge riga tana kan keke? Af, ina naka? Tun ba a haifi autata ba nake jin labarinsa, ga ta bana aji shida."

Malam ya dubi yatsun nan da allura ta gama sassokewa, yatsun da suka yi littafi uku. Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya juyo.

"Rubutunka dai da sauran aiki, in gaya maka gaskiya."

"Na sani."

"To. Ga wuri nan gefen taga. Buga min tawa ƙusar, kuma ko na zo ina roƙonka, kada ka bari in zare ko shafi ɗaya."