Dabbar da Ke Farantin Inna

Gab da samun 'yancin kai, Baba ya kai gyaɗa Kano, ya dawo Kibiya da wani babban faranti tsarabar Inna. A tsakiyarsa an zana wata dabba da ba mu taɓa gani ba. Jikinta na maciji ne amma da ɓawo irin na kifi, ga farata kamar shaho, ga ƙaho, ga dogon gashin baki, tana murɗewa cikin girgije.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana gani ta kau da kai. Ta ce ita dai kada a kuskura a kawo mata abinci a bayan aljani. Inna ta jingine farantin cikin jerenta, ni kuwa kullum ina gabansa, ina bin wutsiyar da yatsa.

Da tambayata ta ishi Baba, sai ya ce in ɗauka mu je wurin malaminmu na allo. Malam ya daɗe yana dubawa. Ya ce Larabawa suna ambaton wani ƙaton maciji wai shi tinnin, amma bai taɓa ganin an siffanta shi da ƙaho ba, kuma ba zai faɗi abin da bai sani ba.

Wata ranar kasuwa Kawu, yayan Inna, ya zo daga Rurum a kan kekensa. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama. Yana ganin farantin ya yi dariya, ya ce ai wannan tsohon sani ne, na mutanen Sin. A wani birnin Indiya, suna jiran jirgin komawa gida, ya ga Sinawa sun ɗinka irin wannan maciji da yadi, sun ɗaga shi a kan sanduna suna rawa. Wani kuku Basine ya gaya masa cewa a wurinsu ba mugun abu ba ne. A kogi yake zaune, in lokaci ya yi ya hau sama ya kawo damina.

Kaka tana gefe tana kaɗi kamar ba ta ji. Can ta ajiye mazari ta ce su ma suna yara an ba su labarin macijin da ke fitowa daga rijiya ya hau sama, amma shi shanye hadari yake yi.

"Nasu ya fi namu kirki," in ji ta, ta dube ni. "Zuba mini gyaɗa a farantin."

Bayan shekaru, ina kwalejin horon malamai a Kano, na yi ta laluben ɗakin karatu har na samu wani littafin Turanci mai ɗan bayani a kan macijin, bai cika shafi ba. Kusan duk abin da Kawu ya faɗa yana nan. An ƙara da cewa sarakunansu suna sa hotonsa a riga.

Da hutu na je Rurum na iske Kawu a fadama. Muka zauna a inuwa na fassara masa abin da na riƙe, yana gyaɗa kai. Ya ce daman ya san kukun nan ba maƙaryaci ba ne, miyarsa ce kawai ba ta da daddawa. Da la'asar ya sara mini rake, ya rako ni har bakin hanya.