Jan Farcen Malam Ilyas

Shekara ashirin da shida Malam Ilyas ya yi a ƙarƙashin ƙasa, can ramin ma'adinai na arewa, aikinsa ɗaya: gwada disjonkter, ɗan akwatin nan da ke katse kuran, wato lantarki, da kansa in wuta ta zurare cikin ruwa ko jikin mutum. Da aka rufe ramin ya dawo Agadas da tari da saurin fushi, ya kafa tebur a zaurensa. Duk disjonkter da aka kawo sai ya sakar masa kuran kaɗan-kaɗan, yana kallon allurar na'urarsa. Wanda ya faɗi ya katse kuran kan lokaci, ya ɗiga masa jan farcen 'yarsa Sakina. Wanda ya yi nawa, guduma ce rabonsa, mai shi ya yi ta zage-zagensa.

Masu ramukan zinariya na Jado kuwa, Allah ya shirye su, a wurinsu disjonkter mai faɗuwa rago ne, don in ya faɗi pampon zuƙe ruwa ya tsaya, haƙa ta tsaya. Sai su murɗa guntuwar wayar tagulla ta bayansa, kuran ya tsallake shi, su ce sun yi maganinsa. Wannan wauta ita ke cin ran Malam Ilyas, balle da Rabi'u, mijin Sakina, ya kama aiki a ramin wani Alhaji Gambo.

Da kansa Malam Ilyas ya zaɓi disjonkter, ya gwada, ya ɗiga jan farcen, ya kai wa Gambo har gida.

"Alhaji, in ya faɗi ba lalacewa ya yi ba. Wuta ce ke yawo a ramin. Ku fito da mutane, ku nemi inda waya ta kwaile."

Gambo ya yi dariya. "Malam, kai dai da tsoro."

Wata biyu aka yi. Ran wata Talata da hantsi Gambo ya shigo zauren da jakar Rabi'u, ya ce ruwa ya taru a ramin, Rabi'u ya sauka gyara pampo, Allah ya yi masa rasuwa, an binne shi a can. Kukan Sakina ya cika gidan. Malam Ilyas bai yi kuka ba, ya ce a kawo masa disjonkter ɗin ramin.

Sai bayan sadakar bakwai aka kawo. Ga jan ɗigon, ga wayar tagulla a murɗe ta baya. Ya warware ta a gaban Gambo, ya sakar wa akwatin kuran. Allura ba ta yi nisa ba, ƙas, ya faɗi. Ya tayar, ya sake faɗuwa. Lafiyarsa lau.

"Ƙaddara ce, Malam," in ji Gambo.

"Na yarda da ƙaddara, Alhaji. Wa ya murɗa wayar?"

Gambo ya sunkuyar da kai, ya nemi takalmansa.

Da la'asar Sakina ta fito cikin kayan takaba, ta ajiye masa kwalbar jan farcen a kan tebur.

"Riƙe ta duka, Baba. Ni ba ni da wanda zan shafa wa."