Igiyar Kakana a Hannun Ƙanensa

Ni karatuna bai wuce aji biyu na elementare ba, don haka kada mai ilimi ya tambaye ni shekara. Na dai san Turawa ba su tafi ba tukuna, jirgin ƙasa kuma yana kwasar gyaɗa daga Gusau.

Kakana maginin rijiya ne a Bungudu, gajere, mai faɗin kafaɗa, farcensa kullum cike da jar ƙasa. Shi ke shiga rami da diga. Ƙanensa ke tsayawa a sama riƙe da igiya, ya jawo kwandon ƙasa, ya jawo yayansa in an tashi. Da wani daban a sama ba ya shiga, duk ƙarfin mutum.

To, ga abin alfaharin gidanmu: mutanen nan biyu ba sa magana da juna. Tun da Kaka ya gina wata rijiya a Nahuce ta ƙi ruwa, ƙanen ya ce a tsakiyar kasuwa, "Yayana ya gina wa ƙadangaru ɗaki," aka yi dariya, Kaka ya rantse ba zai ƙara fara yi masa magana ba. Ƙanen ya ce shi ma bakinsa ba na haya ba ne. Liman ya yi wa'azi har ya gaji. Sai suka koma magana da igiya: in an girgiza, a jawo kwando; in an fizga da ƙarfi, a jawo mutum.

Kakata ba ta taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Duk safiya in yana ɗaura walki sai ta ce, "Malam, ranka na hannun wanda ba ka gaisarwa."

"Hannunai nika so, ba bakinai ba," in ji shi. Ya juyo gare ni: "Kai kuma, ɓarawon mata, in na daɗe kada ka aure min tsohuwa."

Da rani aka kira su Tsafe, wata unguwa a gindin dutse. Sun dawo hutun Juma'a, Kaka ya ƙi cin tuwo. Ya ce wa kakata ƙasar can ba ta da amana: sama tsakuwa, ƙasa yashi, kana sara tana motsi. Ta ce to ya gaya wa ƙanensa. Ya dube ta kamar ta zage shi, ya tashi ya tafi wasa diga.

Abin da ya faru bayan sun koma, mutanen unguwar ne suka kawo mana shi tare da gawar Kaka. Da hantsi ƙanen ya jawo kwando, igiya duk tana sama, yana juye ƙasa. Sai aka ji gyaran murya daga cikin rami. Kaka ba ya gyaran murya a bakin aiki. Ƙanen ya matso da igiya a hannu, ya tsaya. Aka sake gyaran murya, da ƙarfi. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, jefa mishi mana!" Ya ɗaga mata hannu, wai ta yi shiru. Sun ce har murmushi yake, ya karkata kunne, yana jiran ya ji an kira shi.

Sai wani sauti ya taso, kamar an zazzage buhun gero, ƙura ta biyo.

"Yaya!" in ji shi. "Yaya, ga igiya!"

Ya ɗaura ta a ƙugunsa ya miƙa ɗaya bakin ga mutanen da bai ko san sunansu ba, suka zura shi. Har la'asar yana tono da hannu, kuma sun ce bakinsa bai rufu ba, yana ta ba yayansa labari: jakin da ya ɓace, rufin ɗakin da ke yoyo, ɗiyarsa da ta fara tafiya.