Jaririn da ke kan tsohuwar mota

Shekarun baya, ina goyon ɗana na fari a Wurno, muka buɗe akwatin surukata bayan rasuwarta. Cikin tsofaffin zannuwa wani hoto ya faɗo, mai baƙi da fari: jariri ba riga, an zaunar da shi a kan gaban wata ƙaramar mota, an tallabe shi ta baya. A kafaɗarsa ta hagu akwai tawadar Allah, faɗin babban yatsa. Irin ta ɗana sak, wuri ɗaya.

Gwaggon maigidana ta kai hoton dab da idonta, ta ce, "Wanga ai wan mijinki na, wanda ya rasu bai kai yaye ba. Lokacin aikin dam na Goronyo aka haihe shi." Ta dubi goyona. Wata daga gefe ta ce a hankali, "Allah dai shi sa ba dawowa ya yi ba."

Daga ranar na rasa sukuni. Yaro ya yi tari, in ce shi ke nan. Ya daɗe yana barci in tashe shi, ya tashi kuma in yi ta jijjiga ya koma. Tuwo kuwa ban san sau nawa na ƙona ba. Maigidana yana ci-rani a kudu. Surukina ba a ambaton mamacin a gabansa, balle ni da ko ido ba na haɗawa da shi.

Karatuna bai wuce aji uku ba, amma ina da kallo. Na yi ta ƙura wa hoton ido har na lura sitiyarin yana dama, ba kamar motocin da nake shiga ba. Kujerun kuma suna ƙyalli, ashe leda ce a kansu.

Ranar kasuwar Goronyo na goya yaro na ce za ni gaida mahaifiyata. Gaskiya maƙwabcinta nake nema, wani tsohon direba da ya bar tuƙi tun ina ƙarama. Na miƙa masa hoton, ya sa tabarau, ya ce, "Ke ɗiyata, ina kika samo amaryag ga? Sitiyari dama, hitilu zagaye. Wagga tun kahin a canza hannu ta, muna tuƙi ta hagu."

Na ce, "Baba, to in tsufa ta yi har ta kai lokacin dam fa?"

"Da leda bisa kujera? Mi kika sani na hanyar Rabah ta da? Damina guda ta isa mota ta zama tsohuwa. Dubi jikinta, ko ƙwarzane babu. Wanga jariri, in yana raye, ya aje jikoki."

Ban ma tsaya cin abinci ba na juyo. Na faɗa wa gwaggo, ta ce direba mi ya sani na zuri'arsu. Amma ta ɗauki hoton ta nufi rumfar da surukina ke tsintar albasa. Ni kuma na laɓe bayan zana.

Ya daɗe yana kallo, sai ya fashe da dariya. Ya ce motar wani baƙo ce, mahaifinsa ya roƙa aka ɗora shi. Ya zame riga daga kafaɗa, ga tawadar nan, ya ce wa gwaggo, "Ke, wa ya ce miki na mutu?"

Gwaggo dai ta ga hoto a akwatin uwa, ta ɗauka na ɗa ne. Ashe na mijinta surukata ta adana.

Yau yaron yana makaranta. Ba zan ce na daina tsoro ba, har yanzu in ya yi tari gabana sai ya faɗi. Sai dai in leƙa rumfa in ga kakansa yana faɗa da masu sayen albasa, in koma in ci gaba da tuƙa tuwona.